Mece ce hanyar jiha a Amurka, kuma me ya sa take ratsa ƙananan garuruwa?

Wani ɗalibi mai karatun injiniyan hanyoyi da gadoji ya aiko da tambaya. Ya ce yana duba taswirar Amurka sai ya ga alamomin hanya iri uku: wata shuɗiya mai jan kai, wata fara mai siffar garkuwa, sai kuma wasu da kowace jiha ke da irin nata zanen. Yana so ya san mece ce hanyar jiha a cikinsu, wa ke da ita, me ya sa lambarta kan canza da zarar an tsallaka iyaka, kuma me ya sa take karkacewa ta shiga ƙananan garuruwa maimakon ta miƙe.

Ƙanena, ka yi tambaya mai kyau, domin wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin tsara hanyoyi.

Da farko dai, gwamnatin tarayyar Amurka kusan ba ta da hanya tata ta kanta. Shuɗiyar alamar nan ta manyan tagwayen hanyoyi ce da ake kira Intastet, farar garkuwar kuma ta tsoffin hanyoyin ƙasa ce masu lambar US, amma dukkansu biyun jihohi ne ke riƙe da su, su ke cike ramukansu, su ke share musu dusar ƙanƙara. Tarayya kuɗi take bayarwa, ta kuma gindaya ƙa'idojin gini. Hanyoyin ƙasar sun haura mil miliyan 4. Wajen kashi ɗaya cikin biyar ne ke hannun jihohi, fiye da kashi uku cikin huɗu na hannun gundumomi da birane, ɗan abin da ya rage shi ne na tarayya, a gandun daji da sansanonin soja da makamantansu. Saboda haka idan ka ji an ce hanyar jiha, ka tambayi mai maganar me yake nufi. Injiniya yana nufin duk hanyar da ma'aikatar sufurin jiha ke ɗauke da nauyinta. Direba kuwa yana nufin wadda ke ɗauke da lambar jiha da alamarta, wato iri na uku da ka gani. A kan wannan ta ukun zan yi magana.

Ba za ka gane karkacewar da kake gani ba sai ka san yadda aka zana waɗannan hanyoyi tun fari. Kafin ƙarni na 20 hanya harkar gunduma ce. A wurare da yawa manomi kan biya harajin hanya da ƙarfinsa, ya fito kwana kaɗan a shekara da shebur da doki a gyara. Tafiya mai nisa kuwa ta jirgin ƙasa ce. Damina na faɗuwa sai ƙauye ya zama kamar tsibiri. Masu hawan keke ne suka fara ɗaga murya, sai gidan waya ya ƙara matsa lamba bayan ya fara kai wasiƙu gidajen karkara a 1896, don ba ya aika ma'aikaci hanyar da ba ta biyuwa. Jihar New Jersey ta fara tallafa wa gundumomi da kuɗin hanya a 1891, Massachusetts ta kafa hukumar hanyoyi ta jiha a 1893. A 1916 majalisar tarayya ta ware dala miliyan 75 na shekara biyar, da sharaɗin duk jihar da ke son rabonta sai ta kafa ma'aikatar hanyoyi. Nan da nan waɗanda ba su da ita suka kafa.

To, da aka tashi zaɓar hanyoyin da jiha za ta ɗauka, da me aka auna? Da garuruwa. Dokar Wisconsin ta 1917 ta ce a fitar da tsari wanda bai wuce mil 5,000 ba, ya haɗa hedikwatar kowace gunduma da kowane gari mai mutum 5,000 ko fiye. Ita ce kuma jihar da ta fara sa wa hanyoyi lamba, ta kafa allunan a 1918, Michigan ta biyo baya a 1919. Kafin nan ƙungiyoyin 'yan kasuwa ne ke shafa fenti a jikin falwaya su sa wa hanya suna, har ka iske falwaya ɗaya da launi huɗu ko biyar, matafiyi ya rasa na bi. Minnesota ta ma fi kowa fito da manufar a fili. A 1920 ta shigar da hanyoyi 70 cikin kundin tsarin mulkinta, kuma an bayyana kowacce ne da jerin sunayen garuruwan da za ta bai wa damar isa ga juna da sauran sassan jihar. Ka lura, ba a ce daga nan a ja layi zuwa can ba. Sunayen garuruwa aka fara rubutawa, injiniya ya zo daga baya ya nemi yadda zai haɗa su. Wannan ita ce amsar tambayarka ta ƙarshe. Kwanar da kake gani a taswira kamar ɓata tafiya ce, ita ce dalilin da aka yi hanyar. Intastet, wadda dokarta ta fito a 1956 lokacin Shugaba Eisenhower, an yi ta ne don mai wucewa. Hanyar jiha an yi ta ne don mai zama a wurin.

Maganar lamba kuwa ba ta da wuya. Kowace jiha ita ke sa wa hanyoyinta lamba, ba ta neman iznin maƙwabciyarta, shi ya sa kwalta ɗaya kan sauya lamba a kan iyaka. Wani lokaci maƙwabta kan daidaita. Lamba 200 ta taso daga arewacin Idaho, ta ratsa Montana da North Dakota, ta ƙare a Minnesota ba tare da ta canza ba, alhali hanyoyi huɗu ne na jihohi huɗu, kowacce da kasafin kuɗinta da ma'aikatanta. Alamun ma haka: Utah ta zana amya, Kalifoniya ta ɗauki siffar shebur ɗin masu haƙar zinare, jihar Washinton ta sa inuwar kan George Washington, wasu kuma sun zana taswirar jiharsu ko da'ira kawai. Ko lambar kan ɗauki tarihi. Hanya ta 49 a Kalifoniya ta sami lambarta daga shekarar 1849 ta rububin zinare, kuma garuruwan wancan zamani take haɗawa, irin su Sonora da Placerville da Auburn da Nevada City.

Tunda na ambaci lamba 200, tsaya ka dubi sashenta na Montana. Mil 706 ne, ba wata hanyar jiha a Amurka da ta kai ta tsawo. Ta bi ta Missoula da Great Falls, waɗanda birane ne masu wasu hanyoyin, sannan ta shiga filayen gabas inda akwai wani gari Jordan, hedikwatar gundumar Garfield, wanda mutanensa ba su kai 400 ba. Daga Jordan zuwa Miles City, gari mafi kusa da za a kira babba, sama da mil 80 ne, ta wata hanyar jihar mai lamba 59. Motocin da ke bin waɗannan hanyoyi a yini ba su taka kara sun karya ba. Amma ta nan shanu ke fita kasuwa, ta nan tankar mai ke shigowa, ta nan ake ɗaukar mai naƙuda ko wanda ya yi haɗari. Duk wanda ya auna darajar irin wannan hanya da ƙidayar motoci kaɗai zai ce ba ta cancanci ko kwandala ba, kuma ya yi kuskure babba.

Inda na fi so ɗalibai su yi nazari shi ne Teksas. A can akwai wani rukuni na hanyoyin jiha da sunansa ma ya faɗi aikinsa: daga gona zuwa kasuwa, ana rubuta FM a allonsu, a yankin makiyaya na yamma kuma RM, daga garke zuwa kasuwa. Taken zamanin shi ne a fitar da manomi daga taɓo. A 1949 majalisar jihar ta zartar da dokar Colson da Briscoe, ta ware dala miliyan 15 duk shekara don wannan aiki, kuma Dolph Briscoe ɗin nan daga baya ya zama gwamnan jihar. Hikimar tana cikin wannan "duk shekara". Kuɗin ba su da yawa idan aka kwatanta da girman Teksas, amma tunda an san za su zo baɗi da baɗin baɗaɗa, sai aka iya tsara aiki gunduma bayan gunduma, ba a bar rabin hanya da burji ana jiran sabuwar gwamnati ba. Hanyoyin ƙanana ne, layi biyu, kwalta mara kauri, amma suna biyuwa rani da damina. Yau sun haura mil 40,000, wajen rabin duk abin da jihar ke kula da shi. Abin da suka sauya ya wuce kai auduga kasuwa. Da motar ɗaukar 'yan makaranta ta iya shiga ko'ina, sai aka haɗe ƙananan makarantun ƙauye masu aji ɗaya zuwa manya. Likita ya zo kusa. Sai dai hanyar da ta kawo kasuwa kusa ita ce kuma ta kwashe cinikin ƙaramin kantin ƙauye ta kai babban gari, ta kuma sauƙaƙa wa matasa tafiya birni. Duk mai gaya maka hanya alheri zalla take kawo wa ƙauye bai zauna ya duba ba. Wasu daga cikinsu ma birni ya cim musu: FM 1960 a arewacin Houston yanzu titi ne mai layuka da yawa cike da kantuna da cunkoso, sunan gona kawai ya rage mata.

Wasu jihohin sun bi ta wata hanyar. Lokacin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930 gundumomi sun kasa riƙe hanyoyinsu, sai North Carolina ta karɓe su gaba ɗaya a 1931, Virginia ta yi haka a 1932, in ban da 'yan gundumomi da suka ƙi, waɗanda biyu daga cikinsu, Arlington da Henrico, har yau su ke kula da nasu. Shi ya sa North Carolina ke riƙe da wajen mil 80,000, tana bin bayan Teksas duk da ba ta kusa da ita a faɗin ƙasa. Indiana kuwa ta yi wa kanta iyaka a doka da mil 12,000, don ta san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: hanyar da ka sa wa lambarka, ramukanta da kwalbatocinta da gadojinta sun zama naka har abada. Saboda haka kada ka kwatanta jiha da jiha da tsawon hanyoyinsu ba tare da ka san wannan tarihi ba.

Ana sanin matsayin hanya ne ranar da ta yanke. A gaɓar tekun Kalifoniya akwai yankin Big Sur, duwatsu a gefe ɗaya, teku a ɗaya gefen, hanyar jiha mai lamba 1 ce kaɗai ta ratsa shi daga kudu zuwa arewa. A Fabrairun 2017 ruwan sama ya motsa ƙasar da ke ƙarƙashin gadar Pfeiffer Canyon, ginshiƙinta ya tsage, dole aka rushe ta. Ta kudu kuma zaftarewar ƙasa ta toshe, sannan a watan Mayu wani dutse ya gangaro a Mud Creek ya binne hanyar gaba ɗaya. Mutanen da ke tsakiya sai da aka sare musu 'yar hanyar ƙafa ta cikin daji, ta nan suke ɗauko cefane a baya, ta nan yara ke bi su iske motar makaranta. An buɗe sabuwar gada a Oktoban shekarar, Mud Creek kuwa sai Yulin 2018. A Vermont, guguwar Irene ta Agustan 2011 ta lalata sama da mil 500 na hanyoyin jiha, ta raba garuruwa fiye da goma da sauran duniya na kwanaki, domin hanyoyin can bakin koguna suke bi a cikin kwari, inda garuruwan suka zauna tun zamanin injinan niƙa masu aiki da ruwa. A North Carolina hanya ta 12 tana kan siririn tsibirin yashi, teku kan cinye ta, a sake ginawa, ya sake cinyewa. Guguwar Isabel ta yanke ta a 2003, Irene ta sake a 2011, har a 2022 aka buɗe wata doguwar gada kusa da Rodanthe da ta ɗauke hanyar daga kan yashin ta bi da ita ta kan ruwa. Daga Hatteras zuwa tsibirin Ocracoke ma babu kwalta, jirgin fito ne na jiha ke ɗaukar motoci, kuma ana lissafa shi cikin hanyar. Haka abin yake a jihar Washinton, inda jiragen fito suke cikin tsarin hanyoyin jiha a doka. Wannan ya nuna maka cewa abin da jiha ta ɗauki alkawarinsa shi ne mutanen wurin su iya fita su dawo, kwalta ko jirgi hanyar cika alkawarin ce kawai.

Yanzu ga inda aikin ke da ciwo. Tunda an zana hanyar ta bi ta gari, to a cikin garin ita ce babban titi: banki da gidan waya da makaranta da kantuna duk a bakinta suke. Ma'aikatar jiha tana kallonta a matsayin hanyar da tirela za ta wuce ba tsaiko. Mutanen gari suna kallonta a matsayin titin da tsohuwa za ta tsallaka. Kuma ikon yana hannun jiha. Majalisar gari ba ta iya sa danja ko rage gudu ko zana wurin tsallakawa sai da amincewar ma'aikata. Shekaru da yawa ƙa'idar da aka fi bi wajen sa iyakar gudu ita ce a auna gudun da kashi 85 cikin 100 na direbobi ba sa wucewa, a ɗora iyakar kusa da shi. A fili tsakanin gari da gari wannan yana da hujjarsa. A tsakiyar gari kuwa ka bar direba ne ya yanke wa mai ƙafa hukunci, ga shi kuma faffaɗan titi miƙaƙƙe shi kansa yana kiran gudu, sai awon ya fito sama, a ƙara iyakar, gudun ya ƙaru. Ni ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: da zarar hanya ta shiga tsakanin gidaje, a bar mai ɗaki ya faɗi inda yake masa yoyo. A tsuke layi, a ɗaga wurin tsallakawa, a sa shataletale a bakin gari don direba ya ji a jikinsa cewa ya iso wurin mutane. Allon gudu shi kaɗai ba ya rage gudu.

Magani biyu aka fi gwadawa. Na farko baifas, a zagaye garin. Yana fitar da tireloli, amma yana iya fita da cinikin. Garin Seligman na Arizona ya rayu ne da matafiyan tsohuwar hanyar US 66, da aka buɗe Intastet 40 a gefensa a 1978 sai motoci suka ɗauke kamar an rufe famfo. A 1985 aka soke lambar US 66 ɗungurungum. Sashen da ya taso daga Kingman ya bi ta Peach Springs, cibiyar al'ummar Hualapai, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, ya koma hanyar jiha mai lamba 66, domin mutanen da ke bakinsa ba su tashi ba don Intastet ta kauce musu. Wani mai shagon aski a Seligman, Angel Delgadillo, ya jagoranci kafa ƙungiya a 1987 da ta sa aka ayyana hanyar a matsayin ta tarihi, masu yawon buɗe ido suka fara dawowa. Abin da na lura da shi shi ne garin da ke da abin da ake zuwa dominsa, kamar hedikwatar gunduma ko asibiti ko masana'anta, baifas kan zame masa hutu. Garin da abincinsa ke hannun mai wucewa, gidan mai da masauki da gidan abinci, shi ke shan wuya. Kafin ka zana baifas, ka zauna ka ƙirga kantuna nawa ne ke cin abinci daga baƙo, nawa daga ɗan gari.

Na biyu shi ne jiha ta miƙa wa birni titin. Matsalar ita ce birni ba ya son karɓar titin da ya lalace hannu rabbana, jiha kuma ba ta son kashe kuɗi a kan abin da za ta rabu da shi, sai titin ya zama maraya, shekara da shekaru ba mai gyara shi sosai. Titin 82nd Avenue a Portland ta jihar Oregon, wanda sashe ne na hanyar jiha mai lamba 213, ya daɗe a haka ana ta kaɗe masu tafiya a ƙasa, sai a 2022 aka miƙa shi ga birnin tare da alkawarin dala miliyan 185 na gyara.

Kuɗin duk wannan daga harajin man fetur ya fi fitowa. Oregon ce ta fara shi a 1919, senti ɗaya a galan, cikin shekara goma duk jihohi suka ɗauka. Na tarayya senti 18.4 ne a galan, kuma tun 1993 bai haura haka ba, alhali kuɗin kwalta da ƙarfe da ƙwadago sun ninka, motoci sun rage shan mai, masu lantarki ma ba sa sha sam. Oregon ɗin ce dai ta fara gwada karɓar kuɗi bisa mil ɗin da mota ta yi, a 2015, ga wanda ya ga dama ya shiga. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, lissafin da ake yi na riba da tsada kan fifita hanyar da dubban motoci ke bi, ƙananan hanyoyin karkara su koma ƙarshen layi. Ga shi kuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Amurka ne ke zaune a karkara, amma kusan kashi 40 cikin 100 na mace-macen haɗarin mota a hanyoyin karkara suke faruwa: layi biyu ba shinge a tsakani, kafaɗa ƙanƙanuwa, gudu mai yawa, asibiti da nisa.

Saboda haka idan ka koma kan taswirarka, ga abin da nake so ka gwada. Zaɓi jiha ɗaya, ka nemo garuruwan da layi ɗaya tak ya shiga cikinsu. A kowanne ka ɗora yatsa a kan gada mafi kusa, ka ɗauka ta karye, sannan ka auna nisan da motar asibiti za ta zagaya kafin ta iso. Rajistar gadoji ta ƙasar Amurka tana rubuta wannan nisan zagaye ga kowace gada, kusa da adadin motocin da ke hawa ta a yini. Ka saba karanta lambobin biyu tare. Za ka iske gadar da motoci 30,000 ke bi amma zagayenta mil 2 ne, ka iske wata da motoci 300 ke bi amma zagayenta mil 90. Rubuta min wadda za ka fara gyarawa a cikinsu da dalilinka, sai mu ɗora daga nan.